Gundar kankanata na zubewa: shin rashin ƙudan zuma ne?

Tambaya: Malam, ina noman rani na kankana, hekta ɗaya da 'yan kai a bakin kogi. Shekara biyu ke nan yabanya tana kyau, yaɗo ya rufe ƙasa, fure ko'ina, amma gunda sai ta yi rawaya ta zube, wadda ta tsaya kuma rabinta a karkace. Taki ban rage ba, feshi kuwa duk bayan kwana biyar nake yi da safe. Wani dattijo maƙwabcin gonata ya ce zuma ce ta ƙaurace mana. Da gaske ƙwaro yana da hannu a wannan? In haka ne, in sayi amya in ajiye, ko yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa dattijon nan lafiya, don ga dukkan alamu ya riga ni ba ka amsa. Sai dai kada ka yi gaggawar sayen amya. A cikin tambayarka akwai wata magana da ta fi ɗauke mini hankali fiye da zancen amya, wato feshin da kake yi da safe duk bayan kwana biyar. Zan dawo kanta. Bari mu fara shiga gonar tukuna.

Gobe bayan ka yi sallar asuba, ka bari rana ta ɗan fito, ka tsuguna gaban yaɗo guda ka dubi furannin da kyau. Za ka ga iri biyu ne. Akwai wanda ke tsaye kan siririn tsinke, babu komai a ƙarƙashinsa. Wannan namiji ne, kuma in ka goga yatsa a tsakiyarsa za ka ga wani gari rawaya ya manne maka. Akwai kuma wanda ke da 'yar ƙaramar kankana kamar ƙwallon magarya a gindinsa. Wannan mace ce, 'yar ƙwallon nan ita ce gundar da kake kuka a kai. Garin nan rawaya shi ne abin da manomin gero ke kira bununi. Matuƙar bai tashi daga namiji ya sauka a tsakiyar mace ba, gunda ba za ta ɗauka ba, ko da buhu nawa na taki ka zuba mata.

A gero da masara iska ce ke wannan aiki. Bununinsu busasshe ne mara nauyi, shi ya sa in ka ratsa gonar masara lokacin da ta fitar da kai sai ka fito da shi a hula da kafaɗa. Na kankana ba haka yake ba. Yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Dole sai wani mai rai ya shiga furen namiji neman ruwan zaƙi, garin ya manne a gashin jikinsa, ya tashi ya shiga mace. Kuma furen mace ba ya jira. Yana buɗewa bayan fitowar rana, ya rufe da rana ta take, shi ke nan ba zai sake buɗewa ba. 'Yan sa'o'in nan na hantsi su ne duk damar da wannan gunda take da ita a rayuwarta.

Zuwa ɗaya ma ba ya isa. Masu bincike sun auna cewa furen kankana mace yana bukatar ƙudan zuma ya sauka masa aƙalla sau 8, a tara masa ƙwayar bununi wajen 1,000, kafin ya ba da kankana cikakkiya. Dalili shi ne kowane ɗan iri da ke cikin kankana daga ƙwayar bununi guda ya samu, kuma 'ya'yan irin nan ne ke sa naman da ke kewaye da su ya cika. Tsakiyar furen mace kashi uku ce. In ɓangare ɗaya ya sami bununi sosai, ɗaya bai samu ba, sai gefe guda ya cika ɗaya ya tsuke. Karkatacciyar kankanar da dillali ke ware maka gefe yana ce maka ba ta shiga lissafi, yawanci tarihinta ke nan. Ka fasa guda ka gani, gefen da ya motse za ka tarar ba shi da iri sosai.

To amma ban ce ka ɗauki maganata ko ta dattijo a kan imani ba, don akwai wasu abubuwan da ke zubar da gunda. Zafi mai tsanani yana yi. Ƙishirwa a lokacin fure tana yi. Yawan takin yuriya yana sa yaɗo ya yi ta gudu yana ganye ya manta da 'ya'ya. Akwai kuma ƙudan nan da ke huda gunda ya sa ƙwai, in ka fasa ka ga tsutsa. Sannan ka sani a kwanakin farko kusan duk furen da ke fita maza ne, zubewarsu ba asara ba ce. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ba ta cin ko kwabo. Da yamma ka zaɓi furanni mata talatin waɗanda za su buɗe gobe. Goma ka rufe su da guntun gidan sauro ka ɗaure, don kada komai ya shiga. Goma ka bar su yadda suke, ka ɗaura musu zare don shaida. Goma na ƙarshe, da safe tsakanin ƙarfe bakwai da tara, ka tsinko furen namiji sabon buɗewa, ka cire masa ganyen furen, ka goga kansa a hankali a tsakiyar macen, ka zagaya duk ɓangarorin uku. Bayan mako guda ka dawo. Waɗanda ka rufe za su zube, wannan ba shakka. Abin dubawa shi ne bambancin sauran biyun. In waɗanda ka yi wa da hannu sun ɗauka, waɗanda ka bari kuma sun zube, to gonarka ba ta da isassun masu barbara. In duka sun zube, matsalar tana wani wuri, sai mu koma kan ruwa da taki.

Ba sabon abu ba ne ɗan Adam ya yi wa shuka barbara da hannu. Masu dabino a Dutse da Ingal har gobe hawa suke yi su ɗaura zangarniyar namiji a jikin mace. Hadisin nan na Sahihu Muslim da Manzon Allah (SAW) ya ce wa mutanen Madina su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu, a kan wannan aikin na dabino ya zo. Amma dabino bishiyoyi ne ƙidayayyu. Hekta guda ta kankana furanni dubbai ne kowace safiya, in ka ce leburori za su yi maka, kuɗin aikin zai cinye ribar. A wasu tsaunukan lardin Sichuwan na ƙasar Sin an kai matsayin da mutane ke hawa bishiyar tuffa da makamantanta da ɗan buroshi suna bin fure ɗaya-ɗaya, kuma yawan feshi na cikin abin da ya kai su can.

Yanzu ga zancen feshi. Ka ce da safe kake yi. Na san dalili: da sanyin safiya iska a kwance take, mai goyon famfo bai gaji ba, kuma haka kowa ya tarar ana yi. Amma lokacin nan shi ne daidai lokacin da fure yake a buɗe, zuma tana ciki. Ka ɗauki ma'aikata suna maka aiki kyauta, sai ka zo kana watsa musu guba a daidai sa'ar da suka sunkuya. Magungunan da suka cika kasuwannin ƙauye, irin su lamda, saifametirin, dayimetowet, kulofirifos da fiya-fiya, babu wanda ke tambayar ƙwaro sunansa kafin ya kashe shi. Na taɓa zuwa gonar wani mai kabewa da ya kira ni kan irin kukanka. Mun isa wajen ƙarfe tara, yaransa sun gama feshi ke nan. Na ɗaga furen kabewa guda, ka san yadda yake da zurfi kamar kofi, sai ga ƙudan zuma uku a ciki, biyu sun mutu, ɗaya na juyi a bayansa yana shure-shure, ƙafafunsa dam da bununi. Mai gonar ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Daga baya ya ce shi duk zatonsa ƙwarin da ke cin fure ne, har murna yake in ya ga sun zube.

Ban ce ka jefar da famfo ba. Na san ɗan wuya da tsutsa ba sa jin lallashi, kuma wanda bai taɓa ganin gonarsa ta ƙone cikin mako guda ba shi ke cewa a daina feshi gaba ɗaya. Abin da nake so ka canza uku ne, kuma na farkon shi ya fi komai: ka mayar da feshinka yamma liƙis, bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, lokacin da furen ranar ya rufe, zuma ta koma gida. Zuwa safiya maganin ya bushe, furen da zai buɗe kuma sabo ne wanda bai sha feshi a cikinsa ba. Wannan kaɗai yana rage ɓarna ƙwarai. Wanda ke da duma ko ƙwarya a gefen gona ya lura, su fararen furanninsu da yamma suke buɗewa, masu yi musu aiki da dare suke zuwa, don haka kada a bi ta kansu da feshin yamma.

Na biyu, ka daina feshin kalanda. "Duk bayan kwana biyar" ba magani ba ne, al'ada ce, kuma mai shagon magani ne kaɗai ke cin ribarta. Ka zaga gona ka juya ganye ka duba. In babu ƙwaro, ko akwai kaɗan, ka bari. Musamman makonni biyu zuwa uku da fure mace ke fita sosai, ka yi iya ƙoƙarinka ka ɗaga ƙafa. In ya zama dole, ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya fi sauƙi a kan zuma, shi ma da yamma. Kuma ka bar haɗa magani uku huɗu a famfo ɗaya. An tabbatar akwai magungunan cutar ganye da in aka gauraya su da na ƙwari, dafinsu a kan zuma yana ninkawa.

Na uku ya shafi wani rukunin magani da feshin yamma ba ya tsare zuma daga gare shi. Su ne masu shiga jikin shuka su bi ruwanta har cikin fure, kamar imidakulofirid, tayametokzam da kulotiyanidin. Ko da dare ka fesa, ko ma a jikin iri aka shafa, gubar na iya fitowa a ruwan zaƙi da bununi. Ba lallai ta kashe ƙudan nan take ba, sai ta rikita shi ya kasa gane hanyar gida, gidan ya yi ta raguwa a hankali. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da waɗannan ukun a buɗaɗɗun gonaki tun 2018. A wajenmu suna nan a kasuwa da sunaye iri-iri, don haka ka sa a karanta maka ƙananan rubutun da ke jikin kwalba, ba babban sunan ba. In za ka yi amfani da su, to tun shuka na ƙarama, nesa da lokacin fure. Wani abu kuma da ba a kula da shi: wanke famfo a bakin kwata ko kududdufin da ke gefen gona. A rani nan ne zuma ke shan ruwa.

Sai maganar amya. Amsata ita ce eh, tana taimakawa, amma ba ita ce farko ba. In ka kawo amya ka ci gaba da feshin safe, ka sayo wa kanka gawa ne. Zumarmu ta Afirka kuma ba ta da haƙurin zama inda ba ta jin daɗi, da ta ga wuya sai ta kwashe ta bar maka akwati. In ka gyara feshi, abin da aka saba ba da shawara a kankana shi ne amya 2 zuwa 3 masu ƙarfi a hekta guda, a kawo su lokacin da fure ya fara. Ba dole sai ka saya ba. Ka nemi mai kiwon zuma a yankinku ku yi yarjejeniya, shi ya sami abinci ga zumarsa, kai ka sami aiki. A Kaliforniya ta Amurka wannan sana'a ce babba: duk watan Fabrairu ana loda amya wajen miliyan biyu a manyan motoci daga sassan ƙasar zuwa gonakin bishiyar almon, masu gona na biyan haya a kan kowace guda. Mu a nan har yanzu mai gona gani yake alfarma ya yi wa mai zuma in ya bar shi ya rataya amya a bishiyarsa.

Ka kuma yi hattara da inda za ka ajiye. Zumarmu tana da faɗa. A nisanta ta da hanyar mutane, da burtali, da inda ake ɗaure jaki ko shanun huɗa, da injin ban-ruwa, don ƙara da girgiza na tunzura ta. A sa ta a inuwa, ƙofarta ta ba wa gona baya ko ta fuskanci shinge. Wanda duk aka harba ya fara kumburin fuska ko numfashinsa ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a tsaya shafe-shafe ba.

Abin da ya sa ban ɗora komai a kan amya ba shi ne, ƙudan zuman da muka sani ɗaya ne tak cikin dangi sama da 20,000 da ke duniya. Mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba sa zama cikin taro. Uwa ɗaya ce ke haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta shiga busasshen kara, ta tara bununi ta sa ƙwai. Kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasa suke gida. Akwai galla da rakuwa, 'yan ƙananan nan marasa harbi da ke damun mutum a ido lokacin zafi. Akwai babban baƙin nan mai gunji da ke huda azara. Akwai ƙudaje, da malam-buɗe-littafi na rana da na dare. Wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda ya duba amfanin gona iri-iri a nahiyoyi daban-daban, ya gano cewa zuwan waɗannan na daji yana sa fure ya ɗauka ninki biyu na abin da zuwan zumar amya ke yi, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Su ba a sayen su, ba a hayar su. Ko dai suna zaune kusa da gonarka, ko babu su. Da yawansu kuma ba sa nisan kiwo, 'yan mitoci ɗari kaɗan ne iyakarsu, ba kamar zumar amya da ke iya tafiyar kilomita biyu ko uku ba.

Nan ne zancen ya wuce gonarka kai kaɗai. Ka tambayi dattijon nan yadda bakin kogin yake shekara talatin da suka wuce. Na tabbata zai lissafa maka gawo da ɗorawa da kanya da tsamiya da magarya waɗanda yanzu babu ko kututturensu. Kankanarka tana fure na 'yan makonni ne kawai. Sauran watannin shekara me ƙwaron zai ci, ina zai kwana? Bishiyoyinmu kamar sun raba aikin a tsakaninsu: magarya na fure a ƙarshen damina, gawo ya karɓa da shigowar rani lokacin da komai ya bushe, mangwaro da kaɗanya a cikin hunturu, ɗorawa da darbejiya wajen Fabrairu zuwa Maris, zogale kuwa in yana samun ruwa kusan ba ya hutawa. Duk wadda aka sare an yanke wata guda ko biyu daga abincin shekara. Ƙara da maganin ciyawa da ke share gefen gona tas, da wutar daji da ke cinye kara da gidajen da ke cikinsa, da masu ɗiban zuma da ke cinna wa kogo wuta su ƙone uwa da 'ya'ya saboda galan guda. Ga mai neman hujja ta addini, sura guda aka sa wa sunan ƙudan zuma a Alƙur'ani, Suratun Nahli, kuma a hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito yana cikin halittu huɗu da aka hana kashewa.

Gyaran ba ya bukatar wani aikin gwamnati. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna haka tun daga shekarun 1980, da suka koma barin tohon da ke fita daga kututture suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5, akasari gawo, ba tare da dashe ba. Don taki da itace da abincin dabbobi suka yi, amma duk mai shan fure ya ci moriya. Kai ma a hektarka kana iya barin taku biyu ko uku a gefe ba noma ba feshi, ciyawa ta yi furenta. Ka jera zogale a shinge. Ka shuka layin riɗi ko ɗoɗɗoya ko kubewa a bakin gona yadda za su fara fure mako biyu kafin kankana ta fara nata, don ƙwarin su saba da hanya. Gindin shinge da gaɓar da ba ka nomawa ka bar su haka nan, in ka ga ƙananan ramuka kamar an soka tsinke, gidaje ne. Busasshen gungume ba duka ake kai wa murhu ba. Sannan tsohuwar tasa da ruwa da 'yan duwatsu a ciki don su sami wurin sauka, a inuwa, nesa da inda kake haɗa magani. Kuma ka yi magana da maƙwabta. Zuma ba ta san iyakar gona ba, in kai ka koma feshin yamma na kusa da kai yana na safe, rabin aikin ka yi.

Wani zai ce, to ai tuwo ba ya bukatar zuma. Gaskiya ne. Gero, dawa, masara, shinkafa da alkama ba ruwansu da ƙwaro, wake da gyaɗa ma galibi da kansu suke yi wa kansu. Ko babu zuma ba za a rasa tsaba ba. Abin da zai tafi shi ne miya da kuɗin aljihu. Rahoton da wani kwamitin masana na duniya ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona suna amfana da barbarar dabbobi da ƙwari ko yaya, kuma su ne ke ba da kimanin kashi 35 na yawan abin da ake girbewa. Ka sauko da lissafin gida: kabewa, gurji, kokwamba, agushi, kankana, mangwaro, gwaiba, kashu, yalo. Albasa ba ta bukatar ƙwaro kafin ta yi kai, amma mai fitar da irinta, ko a Galmi ko a Aliero, ba shi da abin da ya fi ƙudan da ke bin farin furen nan. A Burkina Faso, inda ƙasa da yanayi suke kamar namu, wani bincike da aka buga a 2017 ya rufe furannin auduga da riɗi don hana ƙwari shiga, sai amfanin auduga ya ragu da kashi 37, na riɗi da kashi 59. Duk mai kai riɗi kasuwar Maigatari ya san abin da rabin buhu ke nufi. Kaɗanya ma, wadda mata da yawa ke dogaro da manta, sai zuma da su galla sun bi furenta take 'ya'ya sosai, kuma an lura ta fi ɗauka a inda akwai wasu bishiyoyi iri-iri kewaye da ita.

Ba ƙwari kaɗai ba ne ma. Jan furen ɗorawa mai kama da tuntu da farin furen kuka da ke rataye, da dare suke ba da ruwan zaƙinsu, kuma jemage na cikin manyan masu yi musu barbara. Wato daddawa tana da alaƙa da jemagen da yara ke harbi da danƙo. Sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki, sunansa ma ya faɗi aikinsa. Ƙwarin da ake gani in an tona cikin ɓaure, waɗanda suka sa ake cewa kada a tona, su ne masu yi masa barbara, ba don su ba da babu ɓauren. Labarin da na fi so shi ne na kwakwar manja. An kai ta Malesiya daga Afirka ta Yamma amma ba a tafi da ɗan ƙwaron da ke mata aiki ba, aka yi shekaru ana biyan mutane suna yi da hannu. Sai a 1981 aka ɗebo ƙwaron daga Kamaru aka saki, aikin hannu ya ƙare, amfani ya ƙaru. Ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Mu koma gonarka. A wannan ranin, in fure ya riga ya fara, ka mayar da feshi yamma tun daga gobe, ka yi gwajin furanni talatin ɗin nan, kuma kai da yaranka ku riƙa bin layukan da suka fi kyau da hannu na awa guda kowace safiya, don ku ceci abin da za a iya ceta. Ka kuma yi ƙidaya: ka tsaya a wuri guda da misalin ƙarfe takwas, ka zaɓi furanni goma da ke gabanka, ka yi minti goma kana lissafa duk abin da ya sauka a kansu, babba ko ƙarami. Ka rubuta a takarda. Bayan mako biyu da canza lokacin feshi ka sake yi a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Lambobin biyu da sakamakon gwajin su za ka turo mini, tare da sunayen magungunan da kake amfani da su, daga nan sai mu ga ko akwai bukatar neman mai amya kafin shuka ta gaba.